Mun ba sa dusar gero, mun sayo abincin dokin Turawa



Ranar Larabar da ta gabata na yi sammako gidan wani yayana da ke dillancin shanu, don mu wuce kasuwa tare. Na tarar da shi a zaure an kawo masa karin kumallo: wani farin abu mai yauƙi a kofin tangaran, an narka masa madarar gari, ga siga cokali uku yana juyawa. Na ce, "Yaya, yau kuma ina koko?" Ya ce, "Ai na daina, ƙanena. Wannan ots ne. Likita ya ce da hawan jinin nan da ƙibar nan sai na rage maiƙo, in riƙa cin abu mai faiba." A bayan ƙofar zauren kuwa ga buhu biyu na dusar gero a jingine, na bijiman da ya turke saboda Babbar Sallah. Na dubi kofi, na dubi buhu, na kasa riƙe dariya. Ya ce lafiya? Na ce, "Yaya, ai faibar da likita ya ce ka ci ga ta can a bayan ƙofa. Ka ba sa taka, ka je kanti ka sayo ta dokin Bature."

Bai ji daɗin maganar ba, kuma na san wasu a wannan shafi ma ba za su ji daɗinta ba. Amma gara in faɗa. Wani sabon yayi ya shigo gidajenmu a Potiskum, inda gwangwanin ots ya zama alamar wayewa da kula da lafiya, kunu da fate kuwa suka koma abincin wanda ba shi da hali, ko mai jego, ko marar lafiyar da ya kasa haɗiyar tuwo. Ƙannenmu mata suna ta tura wa juna bidiyon Turawa na yadda ake haɗa ots mai zaƙi da ayaba da madarar tsirrai, da ots mai gishiri da ganye da albasa, suna mamaki kamar an sauko da shi daga sama. Wallahi duk abin da ke cikin bidiyon nan kakanninmu sun riga su, da hatsin da ake aunawa a kasuwar hatsi, taku kaɗan daga Kasuwar Shanu. Rashin sani ne kawai ya sa kaza ta kwana a kan dami.

Bari mu fara da sanin abin da muke saye. Ots hatsi ne na ƙasashen sanyi, ɗan uwan alkama da sha'ir. Rasha da Kanada ne kan gaba wajen noma shi, sai irin su Folan da Finlan da Ostareliya. Ba ya yi a ƙasar Yobe, kuma ba zai yi ba. A can inda ake noma shi, kaso mai yawa na amfanin gonar ba cikin mutane yake shiga ba, dawaki da shanu ake ba, kuma shekaru aru-aru a Ingila an fi saninsa da abincin doki. Mutanen Sikotilan, da ƙasarsu ba ta faye yin alkama ba, su suka riƙe shi abincin safe, suna dama shi da ruwa da gishiri kawai, da wata 'yar sanda irin muciyarmu. Kamfanin Quaker Oats da sunansa ya fi yawo a bakinmu an kafa shi a Amurka a 1901, kamfanin PepsiCo ya saye shi a 2001. Abin da masana'antar ots ke yi ba sihiri ba ne: a cire ƙaiƙayi, a gasa ƙwayar da zafi don kada ta yi saurin lalacewa, a turara ta, a bi ta da nauyin ƙarfe ta baje, a zuba a gwangwani ko leda. Ko da a Legas aka ɗura shi, ƙwayar daga ƙetare ta zo, da dala aka biya. Dalar kuwa kun san labarinta. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, aka saki naira a watan Yuni, dalar da ba ta kai naira 500 ba a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024. Duk wanda ya ɗauki kuɗin gwangwani ɗaya mai rabin kilo ya shiga da shi kasuwar hatsi, zai fito da geron da ya ninka shi nauyi ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Wani abu da ya burge ni game da mutanen Sikotilan: ba sa jin kunyar kununsu. Tun 1994 suke shirya gasar dama kunun ots ta duniya duk shekara a wani ƙauye da ake kira Karbirij, wanda ya yi nasara a ba shi kyautar muciya mai ruwan zinare. Muciya fa! Mu kuwa baƙo ya zo da safe, sai matar gida ta ɓoye kwanon kunu a ɗaki, a tura yaro da gudu ya sayo burodi da ganyen shayi, kada a ce gidan babu.

Kada wani ya ce na ce ots guba ne. Abinci ne mai kyau. Yana da wani nau'in faiba mai narkewa, shi ne ke ba shi yauƙin nan, kuma an tabbatar yana taimakawa wajen rage kolastirol a jini. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince a rubuta hakan a jikin kwalinsa tun 1997. A wannan fannin ya fi gero, ban musa ba. Wanda likitansa ya ambaci ots da suna, kuma aljihunsa zai ɗauka, ya ci abinsa. Rigimata da wanda aka ce masa ya ci hatsi da ɓawonsa, ya rage maiƙo da zaƙi, sai ya fassara maganar da cewa ya bar abincin gidansu. Da kuma wanda zai zuba wa ots ɗin siga cokali uku da madara mai kitse, ya sha, ya shafa ciki, yana ganin magani ya sha.

Gero ba baƙo ba ne a nan, mu ne ma baƙinsa. Masu haƙar kayan tarihi sun samo alamun nomansa a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali tun kimanin shekara 4,500 da suka wuce, daga yankin Sahel ɗin nan namu ya tafi har Indiya. Yau Indiya ce ta fi kowa noma shi, Nijar da Najeriya na cikin na gaba-gaba. Indiyawan da suka karɓa daga wurinmu su suka kai ƙudiri Majalisar Ɗinkin Duniya har aka ayyana 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa ta duniya. Nawa ne a cikinmu suka ma ji labari? A Maiduguri akwai Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da aka ɗora wa alhakin inganta irin gero, manomanmu sun san irin sosat da ke nuna da wuri. Gero na jure fari da ƙasa mai yashi inda masara za ta ƙone. Yana da furotin kimanin kashi 11 cikin ɗari, bai yi nisa da ots ba, ya kuma fi shinkafa da masara sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Ngizim da Karai-Karai da Bolawa da Fulani da Hausawan garin nan duk da shi aka yaye su. Kasuwar hatsin Potiskum na cikin manya a Arewa maso Gabas, tireloli na lodin gero daga nan zuwa wasu jihohi. Muna loda namu a tirela ya tafi, muna sauke na wasu a kwali.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar, maganar dusa. Idan aka kai gero inji aka ce a surfa shi fes, abin da injin ke kankarewa shi ne fatar ƙwayar da wani ɓangare na idonta, wato inda tsiro ke fitowa. A nan ne mafi yawan faiba take, da mai, da wani kaso na ma'adinai da bitamin. Abin da ya rage, farin cikin nan da muke yabo, galibinsa sitaci ne. Duk mai kiwo a garin nan ya san wannan ba tare da ya shiga aji ba. Tambayi kowane mai turke me ke sa bijimi ya murje, fatarsa ta yi sheƙi, dillali ya ɗaga masa farashi ranar Laraba, zai ce maka dusa da harawa da ƙuli. Ba ya ba sa farin gari. Ashe mun san darajar dusa sarai, a kan sa muka san ta, a kan kanmu da 'ya'yanmu ne muka manta. Har a koko ma haka ne: a jiƙa, a markaɗa, a tace da ƙyallen tata mai laushi, gasara ta kwanta, abin da ya rage a ƙyalle a zuba wa awaki.

Ba cewa na yi a ɗebo dusar buhu a dama wa yara ba, wannan akwai ƙasa da tsakuwa da ƙura a ciki. Kuma iyayenmu ba wauta ta sa suke surfe ba: garin geron da ba a surfa ba yana da mai, kwana kaɗan sai ya fara ɗaci da wari, musamman da zafin bazara. Dusar kuma tana da wani sinadari da ke hana jiki zuƙe ƙarfen da ke cikin hatsin gaba ɗaya. Amma duka biyun da maganinsu a gida. Na farko, a niƙa kaɗan-kaɗan, na mako guda ko kwana goma, ko a ɗan soya ƙwayar sama-sama a busasshiyar tukunya kafin a kai inji, kwatankwacin gashin da masana'antar ots ke yi. Na biyu, jiƙo da tsami suna karya wannan sinadarin, shi ya sa geron da ya kwana a ruwa ya fi wanda aka niƙa a bushe. Abin da nake kira gare shi shi ne a sheƙe, a rege tsakuwa, a wanke tas, in ma za a surfa a yi sama-sama, kada a kankare shi ya yi fari kamar shinkafar gwamnati.

Ku zo Kasuwar Shanu da sassafe ranar Laraba ku ga wani abin mamaki. Ga shanu dubbai, wasu daga Chadi, wasu daga Nijar da Kamaru, ana shirin loda su zuwa Legas da Fatakwal da Onaca. Ana ƙirga kasuwar nan cikin mafi girma a Afirka ta Yamma. To me mutanen da ke wannan aikin ƙarfi suke karyawa da shi? 'Yan lodi da masu jan igiya da yaran mota da makiyayan da suka kwana a hanya, layi suke yi a gaban mai koko da ƙosai, ko kunun gyaɗa, ko ɗanwake. Gero da wake da gyaɗa, babu tsokar nama ko ɗaya, a tsakiyar kasuwar nama. Da wannan suke kokawa da bijimin da mutum huɗu ba sa iya kayarwa. Kuma haɗin ba na banza ba ne: akwai wani ɓangare na furotin da hatsi ke da ƙarancinsa, wake da gyaɗa suna da shi, wani kuma hatsin ne ke cike giɓin waken. Masana abinci sun yi rubuce-rubuce a kan wannan, mai koko kuwa ta gaje shi ne daga uwarta.

Turawa suna da suna ga irin wannan cimar. A 1944 wani Bature a Ingila mai suna Donald Watson da abokansa suka ƙirƙiro kalmar bigan, ga mutanen da suka ƙaurace wa nama da nono da ƙwai da duk abin da ya fito daga dabba, har zuma. Ni ba na kiran kowa zuwa ga wannan. A garin da arzikinsa shanu ne, kuma nama halal ne, wanda ya ce a bar nama da nono ya nemi faɗa da gari guda. Ban da haka akwai bitamin B12 da ba a samu a tsirrai, su kansu 'yan bigan ƙwaya suke sha don su cike shi. Fura da nono na nan daram. Abin da nake nunawa shi ne, kwanon da yarinyar Landan ke ɗauka hoto tana alfahari, hatsi da madarar tsirrai da 'ya'yan itace, sunansa kunun gyaɗa a Dogo Tebo. Kuma a wannan tsadar da gidaje da yawa kan yi mako ba su ga nama a miya ba, sanin yadda za a haɗa abinci mai riƙe ciki da gina jiki ba tare da shi ba ya wuce maganar yayi.

Ga yadda muke yin mai zaƙin a gidanmu, ga mai son ya gwada. A kai wankakken gero inji a ce a barza shi, ba niƙa ba, ya fito tsaki-tsaki. Wannan barzar ita ke ba da abin taunawar nan da mutane ke so a ots. Da daddare a ɗebi kofi ɗaya a jiƙa. A ɗebi ɗanyar gyaɗa kofi biyu, a tsince ta da kyau, a ɗan soya sama-sama yadda ɓawon zai murje amma ba ta yi ja ba, a jiƙa ta tare da dabino shida ko bakwai da aka cire wa ƙwallo. Da safe a markaɗa gyaɗar da dabinon da 'yar citta da kanumfari biyu ko uku, a tace da ruwa kofi shida. Wannan farin ruwan shi ne madarar, babu saniya a ciki. A ɗora a wuta, a tsaya a kai domin madarar gyaɗa ba ta da amana, kana juya baya za ta yi bori ta zube. In ta tafasa har ƙamshin ɗanyen ya fita, a tsiyaye ruwan tsakin a zuba shi, a rage wuta, a riƙa juyawa da muciya kamar minti goma sha biyar zuwa ashirin, har ya yi laushi. A sauke, sannan a zuba ruwan tsamiya kaɗan-kaɗan ana juyawa. Nan take za a ga ya ƙara kauri. Dabinon ya wadatar, in kuwa harshe ya saba da zaƙi a ɗan fasa mazarƙwaila. A sama a yanka ayaba ko gwanda, ko mangwaro in lokacinsa ne, a barbaɗa soyayyen riɗi, wanda jiharmu ke nomawa ana kai wa ƙasashen waje.

Wanda gyaɗa ba ta karɓe shi ba ya yi da madarar aya da kwakwa, sai dai ita aya a zuba ta bayan an sauke, domin in ta sha wuta takan yi yauƙi. Wanda ba ya son tsamiya ya jiƙa garin 'ya'yan kuka, irin na kwalba da nono. Yana da bitamin C sosai, wanda ke taimakon jiki ya zuƙi ƙarfen da ke cikin geron. Tarayyar Turai sai a 2008 ta ba da izinin sayar da garin kukar nan a matsayin abinci, yanzu a 'yan ƙananan leda ake sayar da shi can da tsada. Mu yara ke jifansa daga bishiya.

Mai gishirin kuwa ai ba sai an koya wa Bahaushe ba, sunansa fate. Mutanen Zazzau sun fi mu yin fice a kansa da tsakin masara, mutanen Filato da acca, amma na tsakin gero ko dawa bai gaza su ba, mu da muka saba da burabusko mun san abin da barzajjen gero ke iyawa. A soya albasa a man gyaɗa ko manja, cokali biyu ya isa, ba sai ya yi iyo ba. A zuba jajjagen tumatur da tattasai da attaruhu, a daka daddawa a sa. Daddawar nan ita ce naman fate; wanda ya sa ta yadda ya kamata ba zai nemi dunƙule huɗu ba, kuma mai hawan jini irin yayana ya san dunƙule gishiri ne a cure. A tsaida ruwa, a zuba waken da aka riga aka dafa ya yi rabin nuna, da dakakkiyar gyaɗa tafin hannu biyu. In ya tafasa sai a riƙa barbaɗa tsakin da hannu ɗaya ana juyawa da ɗayan, don kada ya yi gudaji. A rage wuta a rufe, a riƙa leƙawa. Ganye a ƙarshe yake shiga: yakuwa don tsami, alayyahu ko zogale, gauta ga mai son ɗan ɗaci, lawashi bayan an sauke. Kada a dafa ganye har ya yi baƙi. Kwano ɗaya na wannan da safe, mutum zai kai azahar a cikin rana da ƙurar kasuwa bai tuna da ciki ba. A gwada haka da burodi da shayi a gani, ƙarfe goma sai hamma.

Na san amsar da mata za su ba ni, don matar yayan nawa ta riga ta ba ni ita tun a ranar. Ta leƙo ta ce, "Kai da ba ka taɓa riƙe taɓarya ba, ai dole ka yi wa'azin gero. Wannan minti biyar na gama, yara sun tafi makaranta." Gaskiyarta. Aikin gero a wuyan mata yake tun fil'azal, daga sussuka zuwa surfe zuwa tata, kuma mu maza mun iya yabon kunun kakarmu ba tare da tuna ƙarfe nawa take tashi ba. Da yawan masu sayen gwangwani ba raini ne ya kai su ba, gajiya ce. Amma yau babu unguwar da ba ta da inji. Wankewa da shanyawa da barza aikin yini ɗaya ne a mako, kuma babu ayar da ta ce maigida ko samarin gida ba za su ɗauki kwano su kai inji ba. Gyaɗa a markaɗa ta ta zama tunkuza mai laushi a ajiye a kwalba, da safe cokali uku a ruwan ɗumi ya zama madara. Tsakin da ya kwana a jiƙe, kafin a gama yi wa yara wanka ya nuna. Bai kai ots sauri ba, na yarda, amma tazarar minti goma ce, ba ta kai a biya ta da dala ba.

Kuma don kada a ce na rufe ido a kan namu laifin, akwai abubuwan da muke yi wa kunu da suka mayar da shi abin da likita zai hana. Na farko siga. Kunun da aka tace ya zama sitaci zalla, aka zuba masa siga ludayi guda, ba abincin mai ciwon suga ba ne, kuma ko lafiyayye bai kamata ya mayar da shi na kullum ba. Mai ciwon suga ya fi dacewa da fate mai yawan ganye da wake, tsaki kaɗan, shi ma da awo da shawarar likitansa, don gero dai hatsi ne, ba magani ba. Na biyu kanwa. Tun shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga mata bayan haihuwa, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa tare da zafin wankan jego da kwanciya a gadon wuta. Har yau akwai gidajen da ake ɗura wa mai jego kanwa kamar ana gasa. Wannan ba al'adar da za a kare ba ce. Na uku gyaɗa. Duk wadda ta yi fumfuna, ko ta canza launi, ko ta yi ɗaci, a zubar, kada a ce asara. Akwai dafin da ke cikinta mai lalata hanta, kuma tafasa ba ta kashe shi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yara. Jiharmu na cikin waɗanda tamowa ta addaba, kowa ya ga layin mata a cibiyoyin lafiya ana raba abincin leda na yara masu rama. Me ke cikin ledar? Galibi gyaɗa ce aka markaɗa da madara da mai da siga da bitamin, dabarar da aka fito da ita a Faransa a shekarun 1990. Garin Tom Brown da ƙungiyoyin agaji ke koya wa mata a Borno da Yobe fa? Awo shida na gero ko dawa, uku na waken suya, ɗaya na gyaɗa, a soya a niƙa. Sai da baƙi suka zo da mota mai tambari suka nuna mana abin da ke rumbunmu sannan muka yarda abinci ne. A gefe guda ga uwa, mijinta na samun na cefane da ƙyar, ta tara kuɗi ta sayi gwangwani ɗaya, tana tsinkawa da ruwa don ya kai mako biyu, yaron na ramewa tana ganin gata take masa. Yaron da ya riga ya rame asibiti za a kai shi, babu wasa a nan. Amma wanda bai kai can ba, bayan wata shida yana shan nono, kunu mai kauri da gyaɗa da waken suya ya fi masa tsararon ruwan gwangwani.

Saura masu kuɗinmu. Garin da ke da tireloli kamar Potiskum, da alhazan da ke juya miliyoyi ranar Laraba ɗaya, a ce leda mai kyau ta barzajjen gero, wankakke, gasasshe, marar tsakuwa, mai ɗauke da kwanan wata da yadda ake dafawa, ta fi ƙarfinmu? A Senegal an daɗe ana sayar da araw da cakiri na gero a leda a kantuna, har ana kai wa 'yan ƙasarsu da ke Faransa. A Indiya ana baje gero kamar yadda ake baje ots, a zuba a kwali. Injinan ba na zuwa wata ba ne. Matan da ke haɗa garin kunu a gida suna tallarsa a WhatsApp sun riga sun nuna akwai masu saye, jari da injin cire tsakuwa da rajistar NAFDAC ne suka gagare su. Kuɗin bijimai goma zai tsayar da irin wannan sana'a, amma kowa so yake ya ƙara tirela ko ya gina shaguna. Ina roƙon shugabannin wannan ƙungiya su sa maganar a ajandar taro na gaba, a kira matan nan a ji abin da suke buƙata daga bakinsu.

Shi kuwa yayana, da muka isa kasuwa rana ta ɗaga, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na neme shi na rasa. Can na hango shi a rumfar mai kunu ta bakin ƙofa, ya tsuguna da kofin roba a hannu, ga ƙosai a takarda. Da muka haɗa ido ya ce, "Kai dai ka cika surutu. Je ka ce ta ƙaro na ɗari biyu, kada ta sa siga."